Tabo a Girar Hagu

Alhamis, bayan La'asar

Rabona da ganin ruwa irin na bana tun shekarar ambaliya, tamanin da takwas, wadda ruwa ya ci Hartum, mu kuma nan Gadarif iska ta kwashe mana rufi. A shekarar ne kwanon ɗakin matata Talatu, Allah ya jiƙanta, ya taso ya tsaga wa yaron gira. Bai wuce shekara goma ba. Girar hagu. Ni na saɓa shi a kafaɗa, abokina Ɗantsoho ya riƙe kansa aka ɗinke. Gashi bai sake tsirowa a wurin ba.

Na ce yaron. Ɗan fari ne, a gidanmu kuwa uba ba ya kama sunan ɗan fari ko a gaban alƙali. Ubana bai taɓa kiran sunan yayana ba har aka rufe shi. 'Yan yanzu suna dariya. Su yi.

Ban yi madarasar boko ba. Allo na yi, shi ma ban yi nisa ba, amma ina iya haɗa baƙi da baƙi a ajami. Jikata Lamis ce ta ba ni wannan littafi, wai ina magana ni kaɗai a ƙarƙashin rumfa ina firgita kaji. Unguwar nan duk mai son sanin shekarar haihuwarsa ko inda kabarin kakansa yake, wurina yake zuwa, ban taɓa neman takarda ba. Bana ne kaina ya fara yi mini nauyi.

Lamis da uwarta Bakhita sun iso gidan nan farkon damina, daga Sinja, suna gudun yaƙi, a bayan tarakta, ƙafafu a kumbure. Yaron ne uban Lamis, shi ya ɗora su a wajen Dindir, ya ce su yi gaba, zai biyo. Bai biyo ba tukuna.

Na ce tukuna.

Asabar, da hantsi

Masu bindiga sun karɓe musu waya a hanya, an karɓe 'yan kunne, amma jakar alƙaluman Lamis ba wanda ya so ta. Ta ce ɗaya ya buɗe, ya shinshina, ya wurgo mata a ƙirji.

Alƙaluma ne masu baki biyu, ɗaya siriri ɗaya faffaɗa, tawadarsu da isbirto aka dama ta, irin wanda ake goga wa mutum kafin allura. Da su take yin katin biki tun suna Madani, kafin su koma Sinja. Yanzu wani mai shago a kasuwa yana karɓa. Ashe har yanzu ana aure.

Yau na ce mata, "Amarya, kin mayar mini da gida asibiti. Da wannan wari mala'iku za su shigo?"

Ta ce, "Jiddo, ba na sha ba ne. Kafin ka gama faɗa ya tashi." Da Larabcin nan take kiranmu: ni kakanta Jiddo, uwarta Yumma, ubanta Abuy.

"Faɗana ba ya ƙarewa da wuri."

"Shi ya sa na ce ya tashi. Matso ka gani, angon da ba ya saya wa amaryarsa ko turare."

Na matsa. Takardar da take zane a kai sunanta kalk. Siririya ce kamar ɓawon albasa, in ka ɗora ta a tafin hannu kana hango layukan hannunka dishi-dishi. Ba ta shan tawada da wuri. Tawadar tana zama a sama a jiƙe, ko hannun riga ya taɓa ta ɓaci. Lamis ta zana furen lalle, ta ɗora kala bisa kala, ta ajiye ya sha iska. Sannan ta kife takardar. Ta ce haka aikin yake: ta baya ake shafawa, ta gaba ake kallo. Gefen tawada shi ke kwanciya a kan farin kati don kada hannun mutane ya goge shi, kalar kuma ta fito a tausashe kamar abu a bayan labule. Ba ta sa gam, wai yana nunawa. Da zare take ɗinke bakin sama, ƙasan a sake.

Na ce wahala ce kawai. Amma furen ya yi kyau. Ban faɗa mata ba.

Litinin, bayan Azahar

Lori ya tsaya a bakin layi. Na fita ba takalmi. Buhunan gawayi ne.

Laraba, da walaha

Lamis ta zo ta zauna a bakin gadona, ba wasa a fuskarta. Ta ce tana son ta yi kati da fuskar ubanta, a raba wa direbobin da ke shiga Hawata da Simsim da masu zuwa yankan riɗi. Hotunansu duk a waya suke, wayar kuma ta tafi.

Na ce ta yi mana, ubanta ne.

Ta ce, "Jiddo, fuskar ba ta zuwa. Ina jin muryarsa, ina ganin bayansa lokacin da ya juya a Dindir. In na ce ya waigo, sai in ga fili. Na tambayi Yumma, ta shiga ɗaki ta rufe."

Na ce zanen mutum ba kyau. Na ce ana cigiyar akuya ne da yaro, ba namiji mai furfura a gemu ba. Na ce bai ɓata ba, ya san hanyar gidan ubansa. Na faɗi abubuwa da yawa.

Ta ce, "Kai da ka san ranar da aka haƙa kowace rijiya a Gadarif."

Ta tashi ta bar ni da warin isbirto.

Juma'a, bayan masallaci

An yi wa waɗanda suka ɓata addu'a. Liman ya kira sunaye. Da ya zo kan nasa, na duba takalmina.

Lahadi, da hantsi

Na yarda.

Mun zauna a rumfa, ta ɗora kalk a kan faranti. Ban taɓa tsayawa na kalli yaron ido cikin ido ba, kunya ba ta bari. Ta gefe nake kallonsa, ko in yana barci, ko in ya sunkuya a kan injin mota. Ashe duk na tara. Na ce goshin na Talatu ne, mai faɗi. Hancin nawa ne, Allah ya ba shi haƙuri. Wushirya a sama. Kunnen dama ya ɗan tashi, don a kansa yake kwanciya tun yana jariri. Ta yi, na ce ba haka ba. Ta sake, na ce ta rage kumatu, ba ɗan kasuwa ba ne. Muka ɓata takarda har kaji suka samu abin wasa.

Kalar fata ta ɗora ta sau da yawa, mai haske tukuna, sannan mai duhu a gefen hanci da ƙarƙashin ido. Tana da wani alƙalami da ba shi da kala ko kaɗan, isbirto ne zalla. In ta taɓa wuri da shi, tawadar sai ta gudu ta bar fari. Ta ce, "Tabon fa, wane gefe?" Na ɗora yatsa a girata ta hagu. Ta dube ni, ta dubi takarda, ta sa bakin alƙalamin a daidai wurin. Baƙin girar ya rabu biyu.

Sai ga shi a kan faranti, a jiƙe, yana kallona. Bai taɓa kallona haka ba, shi ma yana jin kunyata.

Na ce ina da alwala da zan sabunta. Na fita, ban dawo ba sai Azahar.

Talata, bayan La'asar

Ta gama kashi na farko, ta sa kowanne a leda saboda ruwa. A farin katin ta rubuta sunansa da lambar wayar Ɗantsoho, mai sayar da igiya da buhu a bakin tashar lori. Ni na kai masa a ƙunshe. Ban buɗe ba. Na gani sau ɗaya, ya ishe ni.

Bakhita ma ba ta kalla ba. In ta zo wucewa ta wajen farantin, takan ja mayafi ta kare gefen fuskarta.

Ɗantsoho ya ce, "Kai da ka ce zane haramun ne."

Na ce, "Har yanzu ban canja ba. Raba kawai."

Asabar, da yamma

An kira daga Simsim, wai an ga mai kama da shi yana tuƙa tarakta. Ɗantsoho ya sa aka ba shi wayar. Bahabashe ne, ko Larabci bai iya sosai ba.

Litinin, da rana tsaka

Na je tasha. Wani direba ya manna katin a gilashin lorinsa, rana tana ratsa takardar ta ciki. Daga nesa na gan shi a can sama kusa da direba, kamar ya samu wurin zama mai kyau. Na tsaya. Shi ne, kuma akwai abin da ba shi ba. Kamar ka ga ɗanka a mafarki ya sa rigar wani. Kafin in matsa lorin ya tashi. Idona ne, na ce. Idon ya tsufa.

Laraba, da walaha

Alƙalamin kalar fata ya fara bushewa, kuma ba irinsa a Gadarif. Lamis ta sayo isbirto a kantin magani, ta cire bakin, tana ɗiga masa. Yana farfaɗowa, amma kalar tana raguwa. Ta ce na yau sun fi na makon jiya haske.

An fara yankan riɗi. 'Yan ƙwadago sun cika kasuwa da laujensu, kowa yana jiran a ɗauke shi. Ina bin fuskokinsu ɗaya ɗaya kamar mai sayen rago.

Alhamis, bayan Azahar

Mun yi baƙo.

Alhamis, bayan La'asar

Bari in rubuta yadda aka yi, ba ƙari.

Sunansa Taha, Bahaushe ne daga wani ƙauye a ƙasan Hawata, yana noma yana kamun kifi a kogin Rahad. Ya kawo riɗi kasuwa, ya ga katin a wurin Ɗantsoho, ya daɗe yana kallo. Ɗantsoho bai iya barin rumfarsa ba, ya kwatanta masa gida. Na shimfiɗa masa tabarma. Lamis ta tsaya a bakin ƙofa. Bakhita tana ciki.

Ya ce farkon damina kogin ya riƙa kawo mutane. Shi da ƙanensa suka tsamo wani a lanƙwasar da ke ƙasan gonarsu, bai daɗe a ruwa ba, fuskarsa lafiya. Ya ce mini, "Ba ruwa ne ya kashe shi ba, Baba," sai ya kalli Lamis, bai ƙarasa ba. Ba takarda a jikinsa, ba komai. Suka wanke shi, suka yi masa salla su biyu, suka rufe shi a gindin wata aduwa.

Ya ce goshin ne, hancin ne, har wushiryar. Ya ce tun da ya ga katin gabansa ke faɗuwa.

"Sai dai abu ɗaya. Tabon wancan a hagu yake. Na tabbata, don da muka kwantar da shi a kan damansa muka buɗe kumatu ya taɓa ƙasa, tabon yana sama, ina kallonsa har muka jera itace. Na katin nan kuwa a dama yake."

Lamis ta fizgi katin ta duba. Ta ce, "Dama ne. To ba shi ba ne. Ba Abuy ba ne. Jiddo da kansa ya nuna mini wurin da yatsa. Ko ba haka ba, Jiddo?"

Na ce a kawo wa baƙo shayi.

Ta ruga ciki tana kiran uwarta, tana cewa ba shi ba ne, tabon ba gefe ɗaya ba ne. Taha ya ce alhamdu lillahi, ya ce a yafe masa tayar da hankali. Ya ce Allah ya sa namu yana raye, wancan kuma Allah ya kai labarinsa ga nasa. Na ce amin. Na raka shi har bakin layi. Na tambaye shi sunan ƙauyen, ya faɗa. Ban san abin da ya sa na tambaya ba.

Juma'a, da safe

Ban taɓa katin ba. Yana kan tabarma inda ta bar shi.

Juma'a, bayan La'asar

Na cire shi daga leda. Na ɗaga kalk ɗin ta ƙasa inda ba ɗinki, na juya shi, na sa shi a rana ta gefen tawada.

Na mayar. Na sa a leda.

Ta baya ake shafawa, ta gaba ake kallo. Ita da kanta ta faɗa mini. Fure ko ka kife shi fure ne, ba wanda ya taɓa dawo mata da katin biki don ganye ya koma ɗaya gefen. Ba ta taɓa yin fuska ba sai wannan.

Asabar

Mutane masu tabo a gira suna da yawa a duniya.

Lahadi, da hantsi

Lamis tana waƙa. Rabon da in ji ta tun bikin sallar da suka zo mana daga Madani. Ta ce zuwan Taha ya nuna katin yana tafiya, yana shiga har ƙauyuka, don haka za ta ƙara. Ta ƙi karɓar aikin mai shago. Ta ɗora sabon kalk a kan zanen farko tana bi, ta shafa, ta shanya a igiya, ta kife, ta ɗinke. Hannunta ya san aikin, ba ya tambayar kanta.

Ta ce, "Ango, yau ba faɗan wari?"

Na ce hancina ya toshe.

Sun yi layi a igiyar shanya, iska tana kaɗa su. In ta kaɗa nan, yarona. In ta kaɗa can, wani mai kama da shi. Na juya gadona ya kalli katanga.

Talata, bayan Azahar

Kalar ta kusa ƙarewa. Na yau kamar an wanke su. Goshin ya tafi, kumatun sun tafi, idanu ne suka rage da gira. Tabon kuwa ba ya raguwa, don shi dama ba kala ba ne, wurin da aka cire kala ne.

Laraba, da yamma

Ɗantsoho ya zo gida. Ba ya zuwa sai da dalili, ƙafarsa ba ta son tafiya. Ya zauna, ya ƙi shayi.

Ya ce, "Mutumin Hawata ya biyo ta wurina zai koma. Ya ce ba shi ba ne."

Na ce haka ya ce.

"Ya ce na kabari hagu ne."

Na ce riɗin bana ya yi kyau, in ruwa bai sake dukan wanda aka yanka ba.

Ya ce, "Zakari, ni na riƙe kan Yunusu aka ɗinke shi. Jininsa a hannuna na dama ya zuba, ina tsugune a gabansa. Katin na raba ban duba ba, don na ɗauka kai ka duba. Jiya na duba."

Na ce shekara talatin da wani abu, ya tsufa, ko sunan matarsa ta fari sai na tuna masa.

Ya ce, "Shi ya sa na zo wurinka. Kai ba ka mantuwa. Faɗa mini na yi kuskure in tafi in yi barci."

Kaji suna tono a gindin randa. Na kalle su.

Ya ce, "Duk unguwar nan ka nuna wa mutane kabarin nasu. Har da waɗanda ba su tambaye ka ba."

Na ce ya tashi ya bar mini gida. Ya tashi. A bakin ƙofa ya ce lorin Hawata yana tashi ran Lahadi da safe, hanya ta fara bushewa. Na ce ban tambaye shi ba.

Alhamis

Ɗantsoho ya kama sunan a gidana, da ƙarfi, kamar sunan kowa.

Juma'a, bayan masallaci

Liman ya sake kiran sunaye. An cire biyu, ɗaya ya dawo ta Kasala, ɗaya an yi masa sallar ga'ib. Na ga uban na biyun a bakin masallaci ana ba shi hannu. Ya rame, amma yana tsaye a ƙafafunsa. Na bi ta ɗaya ƙofar.

Ina ta tunanin aduwar. Itace ne mai ƙaya, inuwarsa ba yawa. Yana yaro yakan cika aljihu da 'ya'yanta, ya tsotsa har cikinsa ya ɓaci, Talatu ta yi ta faɗa.

Ban ce shi ne ba. Aduwa nake magana.

Asabar, da hantsi

Lamis ta tafi kantin magani neman isbirto. Bakhita ce ta kawo mini shayi. Tun da aka kawo ta gidan nan amarya ba ta taɓa zama a gabana ba. Takan ajiye, ta gaishe ni kanta a ƙasa, ta wuce. Yau ta ajiye farantin ta durƙusa, ba ta tashi ba.

A gefen kofin akwai kati. An warware zaren. Kalk ɗin yana kwance a kan bayansa, gefen tawada a sama.

Na ga hannunta. Lallen da Lamis ta matsa mata ta sa ya goge, ba ta sabunta ba. Ba kwalli a idonta. A igiya, can ƙarshen layin fuskokin, akwai farin mayafi da aka wanke.

Ta ce, "Baba, ran Lahadi na kalla. Iska ce ta jefo ɗaya a ƙofar ɗakina."

Na kawar da idona daga katin.

Ta ce, "Shekara ashirin da huɗu ina tashi ina ganin tabon nan. Na yi shiru don na ga ka yi shiru, na ce ko ka san abin da ban sani ba."

Na ce mutane masu tabo suna da yawa.

Ta ce, "Haka ne, Baba. Na tambayi matar liman. Ta ce takaba daga ranar rasuwa ake lissafa ta, ba daga ranar da aka ji ba. In farkon damina ne, ta kusa ƙarewa. Kwanakin suna wucewa ina zuwa kasuwa, ina sa lalle. Ban zauna masa ko yini ɗaya ba. In ka ce ba shi ba ne, ba shi ba ne, ba zan sake magana ba. In kuma shi ne, kada ka bari su ƙare ban zauna masa ba."

 

Na ce, "Yarinyar fa? Za ta ce ita ta ɓata."

Ta ce, "Ni ba zan iya faɗa mata ba. Kai ta tambaya."

Ta ɗauki farantin ta bar mini katin. Shayin ya huce a wurin.

Asabar, bayan Azahar

Lamis ta dawo ba isbirto, ya yanke a kantin. Ta zauna tana murza alƙalamin a kan kalk, yana ƙara kamar ƙwaro, ba abin da ke fita. Ta ce, "Saura kaɗan a cikinsa, Jiddo, na sani. In na bar shi a tsaye zuwa gobe zai sauko, zai yi ko guda ɗaya."

Na ce ta bar shi a tsaye.

Ta ce, "Yau ango ya yi sanyi. Ko ka ga wata a kasuwa?"

Na ce wa zai kalli tsoho mai warin asibiti. Ta yi dariya. Na kalli dariyar da kyau, don na san ba zan sake ganinta da wuri ba.

Asabar, kafin Magariba

Na aika wa Ɗantsoho ya kama mana wuri biyu, ni da shi. Ya aiko cewa ya riga ya kama tun ran Laraba. Tsohon banza.

Gobe in Allah ya kai mu, bayan na dawo daga Asuba, zan jira rana ta fito sosai, don abin yana son haske. Zan kira Lamis rumfa. Ba zan ce mata amarya ba. Zan ba ta katin da uwarta ta warware, in ɗora yatsa a girata kamar ranar farko, in ce ta ɗaga shi a rana ta juya da hannunta. In ta ce ita ta ɓata, zan ce mata ba don katinta ba da Taha ya sayar da riɗinsa ya koma, mu kuma mu mutu muna leƙen lori. Ita ta nemo shi. Ni ne aka tambaya na ce a kawo shayi.

Sannan in ce ta ɗauki alƙalamin da ta bari a tsaye, ta yi mini guda ɗaya da abin da ya sauko, ko da idanu ne kawai da gira. Kada ta kife shi. In ya goge a aljihuna, ya goge.

Zan tsaya a ƙofar Bakhita in ce ta sa farin, ta zauna, in na ga wurin zan aiko mata da labari ta wayar Ɗantsoho. Zan hau lorin Hawata, in nemi Taha da ƙanensa su kai ni gindin aduwar. Zan tsuguna ta wajen kansa. Ba wanda zai ji sai kogi da tsoho ɗaya mai ciwon ƙafa.

Zan ce, Yunusu, ni ne. Na biyo.